Ranar Da Saƙata Ta Kusa Kashe Auren Hafsatu

Ko da zan manta da komai na bikin Hafsatu, ba zan taɓa mantawa da ranar jerenta ba, ranar da na hau kujerar roba a gaban dangin ango ina tona wa kaina asiri da bakina. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya na ɗan zaga tsakar gida kafin na dawo.

Ni mutum ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ina koyarwa a wata firamare a nan Haɗeja, kuma da zarar an ba da dogon hutu sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Wata shekara sabulun ruwa na tasa a gaba, wata shekara turaren wuta, akwai ma lokacin da na ce kiwon zabbi zan yi (kada ku tambaye ni inda zabbin suke). Maigidana ya gaji da magana. Idan ya ga na shigo da sabuwar leda, sai ya kalli ledar, ya kalle ni, ya ce Allah ya sa wannan ta ga ƙarshen wata.

A hutun da nake ba ku labari, daminar ta yi ruwa sosai, samarin gari suna ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga a bakin kogi, mu kuma mata muna gida muna sauraron inda ruwa ya kai. Zaman ya ishe ni. Ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wata mata tana saƙa da kwarashi. 'Yan ƙananan gidaje take saƙawa masu kusurwa huɗu, kowanne bai wuce tafin hannu ba, tsakiya launi daban, zagaye launi daban. Da ta tara su da yawa sai ta haɗe su wuri ɗaya, ta zura sanda a sama, ta yi geza a ƙasa, ta rataye a bango. Abin ya yi kyau har na ji haushin bangona. Na kalla, na sake kalla, na ce wannan ai ba wani aiki ba ne. Nan take na yanke cewa shi zan yi wa Hafsatu ta sa a ɗakinta.

Hafsatu 'yar Yaya Hajara ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a bayana yarinyar ta girma. Ta gama karatun aikin jinya, ta kawo Bukar, wani natsattsen saurayi ɗan Kirikasamma mai noman shinkafa, kowa ya yi na'am da shi. Da aka zauna rabon kayan ɗaki, wata ta ɗauki kwanuka, wata labule, wata kafet. Ni kuwa na gyara zama na ce kada a sa ni a cikin wannan, akwai abin da nake shiryawa wanda ba a taɓa ganin irinsa a ɗakin amarya ba a duk ƙasar Haɗeja. Yaya ta yi juyin duniya in faɗa mata, na ƙi. Mamaki nake so in ba su. (Maganata dai ta tabbata, ba a taɓa ganin irinsa ba.)

Na shiga kasuwa neman zare. Mai sayar da ulu ya zazzage mini abin da yake da shi: ruwan hoda mai haske, shuɗi mai haske, ruwan ƙwai, fari, da wani kore da kamar ba ya son a gan shi. Na tambayi ja mai ƙarfi da baƙi irin na matar waya, ya ce shi abin da mata ke saya yake kawowa. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa mata ke sayen waɗannan launuka ba, alhali na san amsar. A garinmu duk matar da ka gani riƙe da kwarashi da irin wannan ulu, to kayan jarirai take saƙawa, hula da safa da shawul ɗin ranar suna. Ni kaina a cikin irinsa aka naɗe 'ya'yana. Amma a lokacin idona ya rufe, bangon matar waya kawai nake gani, ga mai adaidaita yana jirana yana danna mini hon.

Saƙar ta zo mini da wani abu da ba a faɗa a waya ba. Ashe hannun mutum yana bin zuciyarsa. Gidan da na saƙa ina jin haushin maigida sai ya fito ƙanƙane, a ɗaure tamau kamar faifai. Wanda na saƙa ina hira da maƙwabciya ta katanga sai ya fito shirim, ramuka ko'ina. Wani na fara shi a ɗaki, na ci gaba a kicin, na ƙarasa a zaure, ya fito da kusurwa biyar. Matar waya ta ce a riƙa auna kowane gida da ɗan'uwansa, kuma a riƙa soke bakin zare da allura a ɓoye shi. Duk wuraren da take wannan dogon bayani na sa yatsa na wuce su. Na ce idan aka haɗa ai dole su daidaita.

Ana cikin haka aka matso da biki. Ruwa ya fara lasar hanyar Kirikasamma, dangin Bukar suka ce gara a yi a gama tun hanya ba ta yanke ba, in ba haka ba sai bayan girbi. Iyaye maza suka amince. Dalilin a fili yake, kowa yana ganin ruwan da idonsa, amma kun san halin mutane, ba a matso da ranar aure a rasa masu ƙus-ƙus. Ni wannan bai ma dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne tulin gidajen da ban haɗa ba. Na koma saƙa a tsaye, ina yi ina leƙa tukunya, ina yi ina yi wa yara tsawa. Ulun haɗi ya ƙare mini, na ga zuwa kasuwa ɓata lokaci ne, na jawo zaren ɗinkin buhun shinkafa na maigida na ƙarasa da shi. Na ce ta baya ne, wa zai gani.

Safiyar ranar jere ta same ni da allura a baki. Babu geza, kuma sandar da na ce kafinta ya goge mini ban karɓo ba. Na naɗe saƙar ba tare da na baje ta na kalla ba (gaskiya tsoro nake ji), na bar gidajen da suka fi kyau ta waje, na tura a leda na yi gidan Yaya da gudu. Na tarar motar kaya ta cika har tana shirin tashi. Kun san uwar amarya ba ta zuwa jere, don haka Hajiya Asabe, ƙanwar mahaifin Hafsatu, ita ce shugabar tafiya. Na cusa ledar a tsakanin matasan kai, na ce mata kada kowa ya taɓa sai na zo. Tana can tana faɗa da yaran mota a kan madubi, ta ce to, to, ba tare da ta juyo ba. Na ce su yi gaba, yanzu zan karɓo abu in biyo su.

Kafinta ba ya nan, ya tafi aikin jinga da sauran mutane. Na tsaya, na zauna, na tashi, na zaga shagon har mai shayin gefe ya fara kallona. Da na ga rana tana yi, na koma gida na zare sandar mofa, abin goge ɗaki, na yi tasha. A tasha kuma mota ta ƙi cika. Na shiga na fita, na shiga na fita, har na fara taya yaron mota kiran fasinja.

Da muka kama hanya sai ruwa hagu da dama, ciyawar kachala ta yi tsayi, gonakin shinkafa wasu sai kawunansu kake gani, masu kwale-kwale suna yawo a inda kafin damina ake daka. A wani wuri ruwan ya hau kan titi, motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a hankali. Muna cikin layin nan wayata ta yi ƙara. Yaya ce, kuma daga sallamarta na san kuka take yi.

"Me kika sa a cikin kayan yarinyar nan?"

Kafin in buɗe baki waya ta yanke. Na kira, babu sabis. Na ɗaga wayar sama, na miƙa ta ta taga, na kusa tsone wa wani dattijo ido da sandar mofa. Can dai kiran ya sake shiga, muryar Yaya tana zuwa tana ɗaukewa. Abin da na iya tsinta shi ne, an ga shawul ɗin jariri a cikin kayan amarya, dangin ango sun ce a dakata da jere, an aika gona a kira kawun Bukar, ita kuma Hafsatu tana ɗakin lalle tana kuka kamar ranta zai fita. Na ce Yaya, ai adon bango ne. Ta ce adon me? Waya ta sake mutuwa.

Ban san yadda na ƙarasa tafiyar nan ba. Na ce wa direba ya yi sauri, ya ce in ina da jirgi in hau. Sau biyu ina kama murfin mota zan fita in taka da ƙafa, matar da ke kusa da ni tana riƙe mini mayafi. Muna isa na dira tun mota ba ta gama tsayawa ba. Sai da na shiga layin gidan na tuna sandar mofa tana cikin mota, motar kuma ta yi gaba.

Daga baya na ji yadda abin ya faru. Matanmu ne suka fara buɗe ledar suna neman rigar filo. Suka ga ulu ruwan hoda da shuɗi a naɗe, suka kalli juna. Daidai lokacin dangin ango suka yi sallama da kwanukan abinci, sai Hajiya Asabe ta yi wuf ta tura abin ƙarƙashin katifa. To, masu ganin jere kuma ba da ido kaɗai suke gani ba, sai sun shafa labule, sun ƙwanƙwasa kwano, sun ɗaga katifa sun ga kaurinta. Ya Falmata, gwaggon Bukar, ita ta ɗaga. Da a fili ta gan shi, da wataƙila tambaya kawai za ta yi. Amma ga abu a ɓoye, ga biki an matso da shi babu shiri. Duk wanda ke ɗakin ya gama lissafinsa a zuci.

Na shiga na tarar da ɗakin ya rabu biyu, namu a jikin gado, nasu a bakin ƙofa, wasu sun cika taga ta waje. Ga shinkafa da miyar kifi a buɗe babu mai kallonsu. Ya Falmata tana zaune a kan sabuwar kujera, doguwar mace mai zanen fuska, saƙata tana kan cinyarta a naɗe. Abin takaici, a naɗen nan ta yi kyau. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce wannan aikina ne, ni ƙanwar uwar amarya ce, ni na saƙa da hannuna, Hafsatu ba ta ma san da shi ba, kuma na bango ne, ado ne ake ratayewa. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Na bango," in ji ta a hankali. "Mu dai a nan bango ba ya jin sanyi, 'yata. Mun aura, mun aurar, ba mu taɓa ganin an kawo shawul ranar jere ba sai da dalili. Ba faɗa muke nema ba. A faɗa mana gaskiya kawai tun ba a ɗaura ba."

Na zaro waya zan nuna mata matar nan da bangonta. Wayar ta yi ta juya wata 'yar da'ira, ta ƙi buɗe komai. Na ce akwai sanda da ake zurawa a sama. Aka ce ina sandar? Na ce tana mota. Ina motar? Ta wuce. Wata daga taga ta yi ƙaramar dariya irin wadda ba ta daɗi ba. Hajiya Asabe ta sunkuyar da kai.

A nan na gane shaida ɗaya ce ta rage mini, ita ce saƙar kanta, kuma na san abin da ke cikin naɗin nan. Ni da na cika dangi da baki, ni da ake kira Malama. Wallahi sai da na ji kamar in ce a bari sai an samu sabis. Amma na tuna Hafsatu, yarinyar da ko hannun saurayi ban taɓa jin an ce ta riƙe ba, ana shirin ɓata mata suna a garin da za ta yi zaman aure saboda rawar kaina. Na ce a ba ni kujera.

Akwai ƙusoshi biyu da aka buga don agogo da madubi. Na hau kujerar roba, na karɓi saƙar, na maƙala kusurwa ɗaya a nan, ɗaya a can, na saki.

Gefe ɗaya ya zubo har yana neman taɓa ƙasa, ɗaya gefen ya ƙanƙance ya tsaya a sama. Tsakiyar ta yi tumbi. Bakin zaren da ban soke ba suka zazzago ko'ina suna lilo, gidan nan mai kusurwa biyar ya fito a tsakiya sosai yana kallon jama'a, wani kuma a ƙasa ya fara warwarewa da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na ɗauka magana ta ƙare, sai na ji wata a bayan Ya Falmata tana cewa ai shawul ma akwai mummuna.

To, daga nan ne na zama dillaliyar da ke kushe kayanta. Na dunƙule hannu na zura a wani rami, ya shige har gwiwar hannu. Na ce ku duba, wace uwa ce za ta naɗe ɗanta a wannan, ai ta nan zai zurare. Na juya bayan saƙar na nuna musu zaren buhu, na ce wata ta zo ta shafa ta ji, ko babba aka lulluɓa da shi sai ya kwana yana susa. Na nuna ƙulle-ƙullen da suka yi tauri kamar tsakuwa. Na nuna ƙaramin gida, na nuna ƙaton, na faɗa musu wanda na saƙa ina fushi da wanda na saƙa ina gulma. Ban bar aibi ko ɗaya ban nuna ba, har da waɗanda ba su lura da su ba.

"Wallahi tallahi ban iya saƙa ba," na ce, hawaye suna zubo mini. "A hutun nan na fara, a waya na gani. Yarinyar nan ba ta da laifin komai, ni ce ba ni da hankali."

Wata tsohuwa da ke zaune a bakin ƙofa tun ɗazu, ashe kakar Bukar ce, ta dogara sandarta ta matso. Ta kanne ido ta leƙa, ta zura nata hannun a wani ramin, ta murza zaren buhun da yatsu.

"Falmata, ƙyale yarinyar nan," ta ce. "Ko tarwaɗa ba za ta zauna a cikin wannan ba, balle ɗan mutum."

Ya Falmata ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa. Dariyar ta fara daga kafaɗunta, sannan ta kama ɗakin gaba ɗaya, ta fita ta taga har tsakar gida. Wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya Asabe ta zauna daɓas a kan katifa tana dariya tana kuka. Aka tura a tare kawun Bukar a hanya a ce ya koma gonarsa, aka nemi inda sabis yake aka kira Yaya. Ni kuwa ina nan a kan kujera, hannuna a cikin rami, awarwarona ya sarƙe da zare, duk jan da na yi sai wani gidan ya ƙara warwarewa. Sai da aka kawo almakashi aka yanke ni.

Da na sauko na kai hannu zan cire abin in tura a jaka, Ya Falmata ta riƙe ni. Ta ce a'a, maganar ta riga ta fita daga gidan nan, ta kai bakin famfo, ta kai wajen masu niƙa. Duk wadda ta ji da kunnenta dole ta zo ta gani da idonta. Haka aka bar shi a bango har aka gama biki. Mata suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, kowace sai ta zura hannu a rami, ta shafa zaren buhu, ta yi dariya ta ƙoshi, sannan a nuna ni a ce ga malamar da ta saƙa. Har waɗanda ba a gayyata ba sun zo, wasu ma a kwale-kwale.

Yaya ta daɗe ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba. Bayan ruwa ya janye na je ganin Hafsatu, na tarar da abin yana nan inda na bar shi, a tsakanin agogo da madubi. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, sai dai ta gaya mini yadda ta zauna ranar, hannu da ƙafa duk lalle, ko hawayenta ba ta iya sharewa, ƙawayenta suna kallonta babu wadda ta iya tambayarta ko gaskiya ne. Wannan ya fi dariyar matan Kirikasamma yi mini ciwo. Na roƙe ta ta bari in cire, in nemi gwana ta saƙa mata mai kyau.

"A'a, Anti," ta ce. "Mai kyau ai shi ne zai ja mini magana. A bar mini wannan."

Na dawo gida ina juya maganar a mota, na ga gaskiyarta. Abin da na koya dai shi ne, duk kyautar da sai an yi bayaninta, kada ki bari ta riga ki isa gidan surukai. Sannan na daina jin haushin hannun nan nawa da ba ya gama komai daidai. Da na natsu na bi bayanin matar waya, na auna gidajen nan, na soke zarena, na fito da abu lafiyayye mai laushi, to da hannuna zan kashe auren 'yata.